Yini Guda a Mashigar Kwale-kwale

Da an sallame sallar asuba a wani ƙauye na ƙasar Ajingi, sahun farko da ke gangarawa bakin kogi na masunta ne. Tun jiya da la'asar suka shimfiɗa kalli, suka ja mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, yanzu kuma lokacin dubawa ya yi. Kowa ya kwance kwale-kwalensa daga turke, ya kwarfe ruwan da ya kwana a ciki da ɓarin ƙwarya, ya yi bisimilla, ya dafa gaɓa da gora ya tura. Kafin gari ya gama wayewa sun ɓace cikin hazo.

Wurin da suka tashi shi ake kira mashiga. Babu gini, babu allo, babu dakali. Gangare ne kawai da ƙafafun mutane da kofaton dabbobi suka daddaɓe shekara da shekaru, sai turaku da aka kakkafa, da inuwar bishiya inda dattawa ke zama suna ɗinkin koma. Amma duk wanda ya san ƙauyen ya san nan ce ƙofarsa ta biyu. Ta nan amarya ke ƙetarawa, ta nan buhun shinkafa ke fita, ta nan ake ɗaukar mai naƙuda idan hanyar mota ta yanke.

Mutanen Gaya da Ajingi Kogin Wudil suke ce wa kogin nan, a taswira kuwa Kogin Haɗeja ne. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka haife shi, ya ratsa ƙarƙashin gadar Wudil, ya nausa arewa maso gabas ta wajen Ringim da Haɗeja, ya bazu a fadamun Nguru, ya gamu da Kogin Jama'are, daga nan ya kama hanyar Tafkin Chadi. Ruwan da yaro ke wanke ƙafa da shi a wannan mashiga, tafiya ce mai nisa a gabansa.

Hantsi na dubawa masunta ke dawowa, masu saye na jiransu da robobi. A nan ake zazzage abin da Allah ya hore: tarwaɗa mai santsi, karfasa, kurungu mai ƙaya, wani lokaci ragon ruwa. Giwan ruwa kuwa sai an dace, kuma ranar da ta shigo, har yamma ana zancenta. Ciniki ba ya ɗaukar lokaci, domin kifi ba ya jiran kowa. Wanda za a kai Gaya ko Wudil ɗanye a ɗora shi a babur, ragowar ya wuce cikin gida wurin mata, su gyara, su nannaɗe tarwaɗa a tsinke, su jera a kan waya, hayaƙi ya mai da ita banda. Da kuɗin bandan nan ake sayen omo da littafin makaranta, da shi ake tara kayan ɗakin 'ya mace.

Daga nan sai fito ya kankama. Ranar Juma'a, da yake kasuwar Wudil ke ci, mashiga ba masaka tsinke: mai akuya, mai tumatir, 'yan mata da ƙwaryar nono, saurayi da babur ɗin da za a kwantar a tsakiyar jirgi. Mai fito ba ya ɗaga murya. Da ido yake auna kowa, ya nuna masa wurin zama.

"Inna, matsa tsakiya, ki riƙe yaron nan da kyau."

"To Baba, Allah ya fid da mu lafiya."

"Amin. Kai samari, a zauna, ba a tsayuwa a jirgi."

Wannan sani ba a aji ake samunsa ba. Tun yana yaro yake zaune a goshin jirgin mahaifinsa, har ya gane launin ruwa mai zurfi, ya san inda yashi ke zamewa, ya san ba a tunkarar igiya kai tsaye, sai dai a haura sama a bar ruwa ya sauko da jirgi daidai mashigar tsallake. A bisan masunta da masu fito duka akwai Sarkin Ruwa. Shi ke raba gardama idan komar wani ta hau ta wani, shi ke tsawatar wa mai zuba guba ko mai kama 'ya'yan kifi, kuma idan ruwa ya ci mutum, ƙofarsa ake fara bugawa.

Dattawan da ke ƙarƙashin bishiyar nan sun ga kogi biyu a rayuwarsu. Na farko shi ne na ƙuruciyarsu, wanda ke cika ya tumbatsa da damina, da rani kuma ya janye ya bar yashi da gurabe, a taka da ƙafa a wuce, gari ya yi gayya a faɗa su da koma da gora. Na biyu ya zo ne bayan an kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Tun daga nan tafiyar ruwan ta koma hannun masu buɗe ƙofar madatsa. Noman rani ya samu, injinan ban ruwa suka cika gaɓa, albasa da tumatir da alkama suka shigo. Sai dai ambaliyar da ke shiga fadama kifi ya yi ƙwai ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta samu wurin zama, musamman can ƙasa wajen Haɗeja da Nguru, inda ta toshe hanyoyin ruwa. Shi ya sa masunci na yau manomi ne kuma, ƙafa ɗaya a jirgi, ɗaya a gona.

Da la'asar mashiga takan sauya fuska. Yara su zo da fatsa, tana a cikin gwangwani, su jeru a gaɓa suna kallon ɗan karan da ke yawo a kan ruwa. Wani malamin makaranta ko ma'aikaci da ya zo hutu daga Kano yakan zauna kusa da su da tasa ƙugiyar, ba don miya ba, don dai iska ta buge shi, zuciya ta huce. A Amurka da ƙasashen Turai, irin wannan mai kamun nishaɗi hukuma ke gina wa gangaren siminti da wurin ɗaure jirgi, ya jawo jirginsa da mota ya sulala shi ruwa, ya biya kuɗin lasisin kamun kifi, a riƙa gyara wurin. Mu ma mun san darajar ruwa a matsayin abin kallo: bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya kai har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016. To idan mai shaƙatawa ya cancanci wurin sauka mai kyau, ina ga matar da ke tsallakawa da jinjiri a baya don zuwa asibiti?

Tambayar takan yi nauyi a watan Agusta, lokacin da ruwa ya yi ja, ya haɗiye turaku, gangaren ya zama taɓo mai santsi. Sa'an nan fasinja ke ƙaruwa, domin hanyoyin ƙasa sun lalace, kuma kowa na sauri. Jihar Kano ba ta manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, sama da mutum 20 suka rasu, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Lodi ne ya fi ƙarfin jirgin. Da labarin ya iso irin wannan mashiga, babu wanda ya ji shi a matsayin labarin nesa, domin kowa ya san sau nawa aka ce wa mai fito, "Haba Baba, mutum ɗaya ne ya rage, a taimaka."

Abin da mashiga ke nema bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Matakala ta dutse da siminti wadda tsohuwa za ta taka ba ta zame ba. Rumfa da akwatin ajiye rigunan ruwa, har da na yara, a damƙa makullin a hannun Sarkin Ruwa. Layin fenti a jikin kowane jirgi, wanda in ruwa ya taɓa shi an daina lodi, ko wane ne ya zo. Fitila mai aiki da hasken rana, da dokar hana fito bayan magariba. Sai kuma sanarwa a rediyo da bakin masu unguwanni kafin a saki ruwan madatsa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta daɗe tana kira a sa rigar ruwa, amma kira ba ya tsamo mutum sai rigar tana rataye a inda ake hawa jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rana ta yi ja, mai fito ya kawo jirgin ƙarshe. Ya riƙe shi da gora har kowa ya sauka, ya miƙa wa wata yarinya hannu ta tsallake taɓo, sannan ya ɗaure igiya a turke, ya ja ta sau biyu ya tabbatar. Can tsallake wani ya makara, yana ɗaga hannu yana kira. Dattijon ya dube shi, ya dubi ruwan da ya fara duhu, ya ɗaga murya a karon farko tun safe.

"Yi haƙuri ɗana, kwana nan wurin 'yan uwa. Gobe da sassafe kai zan fara ɗauka, in Allah ya kai mu."

Ya saɓa gorarsa, ya bi sahun masu haurawa masallaci.