Larabci a Bakin Coci: Sirrin Harshen Valletta

Wanda ya shigo Valletta ta ruwa da hantsi, ganuwa ce za ta fara cika masa ido, dogayen bangaye na dutse mai launin zuma da suka taso daga cikin Bahar Rum. A bayansu tituna ne miƙaƙƙu masu hawa da gangara, kowanne ka bi sai ya kai ka ga shuɗin teku. Gidajen na da barandar katako rufaffiya, wata koriya, wata ja. Wannan shi ne babban birnin Malta, wanda aka aza harsashinsa a 1566, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1980. Duk inda na waiga coci ne da ƙararrawa. Idona ya ce mini Turai nake, amma kunnena ya ƙi yarda.

A jikin allon lokutan ibada na wata coci na ga an jera ranakun mako: It-Tnejn, It-Tlieta, L-Erbgħa, Il-Ħamis, Il-Ġimgħa, Is-Sibt, Il-Ħadd. Da na furta su a hankali sai ga Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar da Lahadi. A kasuwa kuma ana ciniki da ħamsin da sittin. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, mutanen nan Kiristoci ne 'yan Katolika, amma Ubangiji "Alla" suke ce masa, azuminsu na kwana arba'in kuwa "Randan". To, ina Larabci ya bi ya shigo nan?

Zato na farko da zai zo wa baƙo shi ne 'yan ci-rani ne daga Libiya ko Tunisiya, tunda Tunisiya ba ta kai kilomita 300 daga nan ba. Amma masu wannan magana tsofaffi ne da ke fitowa daga coci, da masunta, da masu karanta labarai a talabijin. Da wannan harshe aka rubuta sunayen tituna, da shi ake muhawara a majalisa. Harshen 'yan ƙasa ne.

Sai hankalina ya koma kan Turkawa, don babu labarin da Valletta ke alfahari da shi kamar na 1565, lokacin da rundunar Daular Usmaniyya ta Turkawa ta yi wa tsibirin ƙawanya wajen wata huɗu. Nan ma hanya ta toshe. Turkawan ba su ci tsibirin ba, sunan jagoran da ya kore su, Jean de Valette, aka ma raɗa wa birnin. Kuma Turkanci ba dangin Larabci ba ne.

Akwai wata tsohuwar amsa da su kansu mutanen Malta suka daɗe suna so. A ƙarni na 18 wani malaminsu, Agius de Soldanis, ya ce harshen gadon Finikiyawa ne, matuƙan jiragen ruwan da suka zauna a tsibirin tun kafin Rumawa. Hakan ya yi wa jama'a daɗi don ya nisanta su da Larabawa. Amma masana harshe da suka bi nahawun dalla-dalla sun gano tsarinsa na Larabcin Arewacin Afirka ne.

Saura tambaya ɗaya, wadda Bahaushe ya fi kowa sanin yadda zai auna ta: aro ne ko gado? Mu ma mun ari sunayen ranaku da ashirin da talatin ta hanyar fatauci da karatu, amma ɗaya, biyu, uku namu ne, haka ruwa da rana da kai. Abin da yaro ke koya a bayan uwarsa ba a cika aronsa ba. Sai na roƙi wani dattijo mai sayar da burodi ya ƙirga mini daga farko. Ya ce wieħed, tnejn, tlieta, erbgħa, ħamsa. Gida dar ne, ƙofa bieb, kai ras, rana xemx, wata qamar, burodin da ke gabansa kuma ħobż. Nan na tabbata Larabci shi ne ƙashin bayan harshen, kalmomin Italiya irin su grazzi su ne baƙi.

Ragowar amsar tana tsakiyar tsibirin, a tsohon babban birni mai suna Mdina, wato madina, da maƙwabcinsa Rabat. A shekarar 870 dakarun Aglabawa, masu mulkin Tunisiya a wancan zamani, suka ci Malta daga hannun Rumawan Gabas. Marubuci al-Himyari ya ruwaito cewa tsibirin ya zama kusan kufai bayan yaƙin, sai wajen 1048 Musulmi suka sake cika shi. Masana da yawa na ganin daga Sisili suka ƙetaro, tafiyar kimanin kilomita 90, da irin Larabcin da ake yi a can. Mai yiwuwa wannan ne ya sa ba a jin ɓurɓushin wani tsohon harshe a ƙarƙashin harshen Malta: sababbin mazauna sun tarar da fili.

To, yaya aka yi addini ya sauya, harshe ya tsaya? Normawa Kiristoci sun zo a 1091 ƙarƙashin Roger na Ɗaya, amma Musulunci bai gushe nan take ba. A tsibirin Gozo na ƙasar Malta akwai dutsen kabarin wata Musulma mai suna Maimuna, ɗauke da rubutun Larabci na shekarar 1174. Sai a ƙarni na 13, zamanin Sarki Frederick na Biyu, aka kori waɗanda suka ƙi barin Musulunci. Waɗanda suka zauna suka koma coci da harshen da suka iya, suka ci gaba da kiran Ubangiji da sunan da suka sani. Da alaƙa ta yanke tsakaninsu da Alƙur'ani da rubutun Larabci, sai harshen ya kama gabansa, yana kwasar kalmomi daga Sisili da Italiya har suka kai kusan rabin ƙamusunsa. A Sisili kuwa wannan Larabci ya mutu ƙurmus.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne waɗanda suka riƙe harshen a Malta. Mayaƙan Saint John, ƙungiyar su Jean de Valette, sun karɓi tsibirin a 1530, Napoleon ya ƙwace a 1798, Ingila ta biyo baya har zuwa 'yancin kai a 1964. Mafi yawan wannan lokaci kotu da makaranta da fada na baƙin harsuna ne, ana raina Maltanci a matsayin yaren madafa. Manoma da masunta da iyaye mata ne suka hana shi ɓacewa, har ya zama harshen hukuma a 1934. Tun 2004 yana cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai, kuma shi kaɗai ne daga dangin Larabci a cikinsu, alhali masu jinsa 'yan ɗaruruwan dubbai ne kawai. Mu da muke da miliyoyin masu jin Hausa, ba mu da hujjar jin kunyar yi wa 'ya'yanmu magana da ita a gida.