Jama'ar da ke cikin hanjinmu da kafson da ke kashe su

A watan Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da majalisar kula da masu harhaɗa magunguna suka garƙame shagunan magani sama da 1,300 a Sabon Gari da kewayen Malam Kato, aka ce 'yan sari su koma cibiyar da aka gina musu a Ɗangwauro, kan hanyar Zariya. 'Yan sari sun tashi, amma ɗabi'armu tana nan inda take. Da zarar cikin maigida ya murɗa, ya zaga sau biyu, sai a kira yaro: "Ruga kemis, ka ce a ba ka Flagyl na ɗari biyar da ja-da-yalo guda huɗu." Ya sha na yau, gobe ciki ya lafa, ragowar ta kwana a kan taga har sai wani ya yi ƙorafin ciki a gidan.

Abin da ba a faɗa wa maigida ba shi ne, cikin nan nasa ba shi kaɗai ne a ciki ba. Ƙiyasin da masana suka fitar a 2016 ya nuna jikin babban mutum na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Akasarinsu ba cuta suke sa wa ba, aiki suke yi mana. Dusar hatsi da zaren ganye da ɓawon wake, waɗanda tumbi da ƙaramin hanji suka kasa narkarwa, su ne abincinsu. Idan sun ci, sai su fitar da wasu sinadarai, babba a ciki shi ne butiret, wanda bangon babban hanji ke rayuwa da shi, yake kuma kwantar da garkuwar jiki kada ta yi ta faɗa babu dalili. Suna cike gurbi yadda baƙuwar cuta ba za ta samu wurin zama ba. Shi kuwa kafson antibayotik bai san na gida ba, bai san baƙo ba. Kamar maganin ciyawa ne da aka fesa a gonar da shuka ta riga ta fito: ciyawa ta mutu, dawa ta ƙone, kuma abin da ke fara tsirowa a bayansa ba lallai ne ya zama alheri ba. Ga shi yawancin gudawar da ke sa mu rugawa kemis, musamman ta yara, ba ta buƙatar antibayotik ko kaɗan. Ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc ake so.

Akwai 'yar Nijeriya da ta ba da shekarun aikinta ga wannan jama'a ta cikin hanji, Dakta Funmilola Ayeni, wadda ta koyar a sashen nazarin ƙananan halittu na tsangayar harhaɗa magunguna a Jami'ar Ibadan kafin ta koma Jami'ar Indiyana a Amurka. Ta fara ne daga ƙwaryar mai nono. Ta riƙa ware bakteriyar da ke sa madara tsami daga abincinmu na gargajiya da kuma hanjin saniya, tana gwada su: shin za su tsallake ruwan tsamin tumbi da na matsarmama da ransu? Za su manne a bangon hanji? A 2011 ita da abokan aikinta na Sifaniya suka buga sakamakon, inda wasu nau'o'in Lactobacillus da Weissella na ƙasar nan suka nuna alamun cancanta. Ni a ganina nan ne hikimarta take. Maimakon jiran abin da za a shigo da shi a kwali daga Turai, ta tambayi abin da ke cikin ƙwarya.

Daga nan ta koma kan mutanen kansu. A 2018, tare da masana na Jami'ar Bolonya ta Italiya, ta kwatanta bayan gidan manoman Bassa na karkara da na mazauna birane irin su Ibadan da Abuja. Hanjin Bassa ya fi cika da masu narkar da dusa da zare, kuma yaransu ƙanana tun da wuri suke samun tarin nau'o'i kusan irin na manyansu. Gwargwadon shigar mutum rayuwar birni, gwargwadon yadda waɗannan nau'o'i ke janyewa. Shekara guda bayan haka ita da ɗalibanta suka yi irin wannan nazari a kan Fulani makiyaya.

Ba ita ta fara ganin haka a yankinmu ba. A 2010 wasu masana daga Fulorans sun kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yara 15 na birninsu. Abincin yaran ƙauyen irin namu ne sak: gero, dawa, wake, miyar ganye. An tarar da bakteriyar Prevotella jingim a cikinsu, alhali babu ita a yaran Italiya. Sinadaran nan masu kare hanji sun fi yawa a yaran ƙauyen, dangin Shigella masu sa atini kuma sun fi ƙaranci. To, a duba abin da yaron Fagge ke ci yau daga safe zuwa dare: shayi da farin burodi, Indomie da ƙwai a teburin mai shayi, farar shinkafa da mai da yaji, lemon kwalba. Ko furar ma an surfe geron an tankaɗe har babu sauran dusa. Rama da zogale da dambu sun koma abin marmari.

Kumburin hanji iri biyu ya kamata mu sani. Na farko na yara ne da ke tashi inda ruwan kwata da na sha ke gaisawa, kuma duk wanda ya bi gefen Jakara da damina ya san inda nake nufi. Yaro na haɗiyar ƙazanta kaɗan-kaɗan kullum, bangon hanjinsa ya kumbura a ɓoye, ba gudawa, ba zazzaɓi, sai dai yana ci ba ya girma. Jeffrey Gordon na Jami'ar Washintan da ke Sen Luwis ya nuna a 2013 cewa idan aka ɗebi bakteriyar tagwayen Malawi masu tamowa aka sa wa ɓerayen da ba su da ko ƙwayar bakteriya ɗaya a ciki, aka ba su irin abincin yaran, ɓerayen ma ramewa suke yi. Daga baya shi da masana na Bangaladash suka haɗa wani abinci da ayaba, gyaɗa, waken suya da wani nau'in wake, don ciyar da bakteriyar kirki. A gwajin da aka buga a 2021 yaran da suka ci shi sun fi ƙara nauyi a kan waɗanda aka ba abincin tamowa na yau da kullum, duk da cewa na yau da kullum ɗin ya fi shi maiƙo da kuzari.

Na biyu shi ne wanda garkuwar jiki ke juya wa hanji da kanta, irin cutar Crohn da gyambon babban hanji. A da ana ɗauka ciwon Turawa ne, yanzu yana ƙaruwa a biranen Asiya da Afirka. Alamunsa gudawa mai jini da majina da ke tafiya tana dawowa wata da watanni, rama, da kasala. A wurinmu sunansa na farko basir, na biyu atini, sai mutum ya shekara tsakanin mai maganin gargajiya mai lasifika da kemis. Wannan sai likita ya leƙa hanji da na'ura, irin aikin da ake yi a Asibitin Malam Aminu Kano, kafin a san ko mene ne.

Saura maganar furobayotik, wato bakteriya masu rai da ake sayarwa a kafso ko a leda da tsada. Tunanin tsoho ne. Tun 1907 Ilya Mecnikof na Cibiyar Pasteur da ke Faris ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan nono mai tsami, shi ma ya riƙa sha kullum, ya kuma rasu yana da shekara 71, wanda ba wani abin kafa hujja ba ne. Wasu nau'o'in suna rage gudawar da antibayotik ke jawowa. Amma a 2018 manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka da Kanada, a kan yara sama da 1,800 masu amai da gudawa, ba su ga bambanci tsakanin wanda ya sha da wanda aka ba na bogi ba. Kowane nau'i da aikinsa, kuma abu mai rai da ya kwana a shago cikin zafin Afrilun Kano, ga rashin wuta, Allah kaɗai ya san nawa ya rage da numfashi.

Kindirmo da nono su ma suna da sharaɗi. Tsami na rage wasu cututtukan, ba ya kawar da su duka. Ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar bakkale. Sai an tafasa madarar kafin a zuba mata iri ta kwana. Kuma sau da yawa matsalar ba a nonon take ba, tana cikin ruwan da aka sirka shi da shi, da ƙanƙarar da aka fasa a kan buhu, da ludayin da aka ɗauraye a bokiti ɗaya tun safe. Mai sayen fura a bakin Kantin Kwari yana da ikon tambayar wane ruwa aka dama da shi.