Kachala da Makomar Fadamar Haɗejiya-Nguru: Abin da Ya Shafi 'Yan Kasuwar Agege

LEGAS — Wani kaso na bandar kifi, da barkono, da shanun da fatake ke saukewa a Agege da kasuwar Mile 12 yana fitowa ne daga fadamar Haɗejiya-Nguru, wadda ta ratsa jihohin Jigawa da Yobe. Alaƙar ta daɗe, domin tun a shekarar 1930 layin dogo ya isa Nguru, ya haɗa ta da Kano da Legas.

Arzikin fadamar ya dogara ne a kan ambaliyar damina da janyewar ruwa da rani. Idan ruwa ya malala, kifi yakan hayayyafa cikin bado da ciyayin tabki. Idan ya janye, manoma su shuka, makiyaya su sami ɗanyar ciyawa, itatuwan giyayya da goruba kuma su sha daga ƙarƙashin ƙasa.

Gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya wannan tsari. Ambaliyar da ke rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a farkon shekarun 1970 ta ragu ƙwarai, yayin da ruwan da ake saki da rani ya hana wasu magudanan bushewa. Wannan shi ne yanayin da kachala ke so. Ciyawar takan yi tsayi fiye da mutum, saiwoyinta na tare laka har hanyar ruwa ta toshe, ta kuma danne tsirran asali. Sakamakon haka ruwa ya karkata zuwa magudanar Marma, yana cinye gonaki a wajen Nguru, alhali ƙauyukan da ke kan wasu rassan kogin suna fama da ƙamfarsa. Tsuntsayen jan-baki, masu cinye gero da shinkafa, su ma cikin kachalar suke samun mafaka.

An kafa shirin kare fadamar a 1987 tare da ƙungiyar IUCN, a shekarar 2000 kuma aka sanya tabkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bar wa fadamar ya fi kawo riba, nesa ba kusa ba, a kan wanda aka karkatar zuwa aikin ban-ruwa na Kogin Kano.

Yanke kachala da yashe magudanai suna kawo sauƙi, amma ciyawar takan sake tohowa daga saiwa. Masana harkar ruwa sun fi ƙarfafa a riƙa sakin ruwan madatsun bisa tsarin da ya yi kama da ambaliyar da, wanda hakan ke buƙatar daidaito tsakanin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya-Jama'are da jihohin da ke raba kogin, musamman Kano da ke shan ruwa da noman rani da shi.