Ko Mutumin Kirki Ne, A Tambaye Shi



A cikin ganuwar birnin Zazzau, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, babu gidan mutunci da ake ba da 'ya ba bincike. Idan magabatan yaro suka kawo gaisuwa, za a shimfiɗa musu tabarma a zaure, a kawo ruwa, a rabu da su da kyakkyawar magana, amma ba za su tafi da amsa a ranar ba. Sai an tura wani dattijo unguwarsu ya jiyo: mece ce sana'arsa, yana shiga jam'i, yana cin bashi ya hana, akwai wata lalura a jikinsa da ya kamata a sani? Ba a taɓa kiran wannan cin mutunci ba. To amma mu ɗin nan da muka iya wannan bincike, da kakar zaɓe ta kama, aka zo kan wanda yake neman a danƙa masa ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, sai tambaya ta zama laifi. Duk wanda ya buɗe baki a teburin mai shayi ya ce ina takardun wane, ina ya samo dukiyarsa, nan take za a ce an saye shi, ko yana cin naman ɗan'uwansa. Ni kuwa abin da na tsaya a kai shi ne, tambayar amanar ɗan takarar shugaban ƙasa da gaskiyarsa da hangen nesansa nauyi ne a wuyan mai zaɓe, kuma nauyin ya fi ƙarfi a kan wanda muke so, muka yarda da kirkinsa.

Mu ɗauki marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah Ya jiƙansa. Bakatsine ne, amma Zariya ce ta goye shi a ilimi: ya yi Kwalejin Barewa, ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello daga 1972 zuwa 1975, ya koyar a garin nan, ya kuma koma jami'ar a Samaru ya yi digiri na biyu. A kan dukiya, bai jira an tambaye shi ba. A watan Yunin 2007 ya bayyana kadarorinsa a bainar jama'a, kusan naira miliyan 856, abin da babu shugaban Najeriya da ya taɓa yi kafin shi. Ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayun 2007, ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, kuma a watan Agusta ya kafa kwamitin gyaran zaɓe, ya ɗora masa ɗan Zariya, tsohon Alƙalin Alƙalan Najeriya, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Wanda ya yi waɗannan ya cancanci shaidar da ake yi masa har gobe.

Sai dai akwai tambaya guda da ta taso tun yana yaƙin neman zaɓe, ba a amsa ta ba. A watan Maris na 2007 aka ɗauke shi daga tsakiyar kamfe zuwa asibiti a Jamus, har raɗe-raɗin rasuwarsa ya cika ƙasa. Abin da aka ba jama'a a matsayin amsa shi ne Shugaba Obasanjo ya kira shi ta waya a gaban taro, aka kara wayar a lasifika, aka ji muryarsa, aka yi tafi. Babu likitan da ya fito ya ce ga ciwon, ga girmansa, ga abin da zai iya ɗauka. Masu nacin tambaya kuwa aka ce fatan mutuwa suke yi masa. Ranar 23 ga Nuwamban 2009 ya tafi asibiti a Jidda ba tare da an aika wa Majalisar Tarayya takardar miƙa mulki ba. Ƙasa ta yi kwana 78 ba a san wanda ke riƙe da ita ba. A ƙarshen Disamba, da babu shugaban da zai rantsar da sabon Alƙalin Alƙalai, sai mai barin gado, Idris Legbo Kutigi, ya rantsar da magajinsa Katsina-Alu. Ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisa ta rasa takarda, ta jingina da 'yar hirar da ya yi da BBC ta waya a watan Janairu, ta mai da mataimakinsa Goodluck Jonathan muƙaddashi bisa hujjar larura. Ranar 5 ga Mayu Allah Ya karɓi ransa.

Na san abin da wasu za su ce: ciwo da mutuwa na Allah ne, mai lafiya ma yana kwanta dama. Haka ne, kuma ba wanda ya ce ciwo abin kunya ne. Abin da ake magana a kai shi ne sani. Mai ba da 'ya yana iya jin akwai lalura ya ce na ji na gani, na ba shi. Wannan zaɓinsa ne. Da an faɗa wa 'yan Najeriya gaskiya a 2007, mai yiwuwa su zaɓe shi duk da haka, amma da sun sa ido sosai a kan wanda aka ɗauko masa mataimaki, da kuma yadda za a yi idan jinya ta yi tsawo. Ɓoyewar ce ta hana kowa shiri. Ba mu kaɗai ke wannan ba. A Faransa an gano ciwon daji a jikin Mitterrand tun 1981, ba a sanar ba sai 1992, kuma Faransawa ba su ɗauki hakan abin yabo ba. A nan gida sai da aka gyara sashe na 145 na tsarin mulki a 2010, aka sa wa'adin kwana 21 na aika wa majalisa takardar miƙa mulki. Da Shugaba Buhari ya yi jinyar fiye da kwana 100 a Landan a 2017, akwai takarda a gaban majalisa, mataimakinsa Osinbajo na riƙe da ƙasa.

Maganar giba ta fi nauyi, kuma garin malamai irin wannan bai kamata ya wuce ta da sauri ba. Duk almajirin da ya zauna gaban malam a zaurukan Kona ko Juma ya karanta Riyadus Salihin ya tarar da babin da Imam Nawawi ya kawo wurare shida da ya halatta a faɗi aibin mutum a bayan idonsa. A cikinsu akwai gargaɗin al'umma: tantance masu ruwaya da shaidu, ba da shawara ga mai neman haɗa aure ko kasuwanci, da bayyana halin wanda aka ba shugabanci bai dace da shi ba. Malaman hadisi sun binciki mutanen da suka fi mu tsoron Allah, suka ce wane mutumin kirki ne amma haddarsa ba ta da ƙarfi, ba su ɗauki ruwayarsa ba, ba su kuma zage shi ba. Wannan rarrabewar ce muka rasa. Gaskiya daban, hangen nesa daban. Gwamnatin da ta kafa kwamitin Uwais, ita ce a 2009 ta ƙi babbar shawarar rahotonsa, wato a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga zaɓin shugaban ƙasa shi kaɗai, a bi ta Majalisar Shari'a ta Ƙasa. Faɗin haka bai rage wa marigayin komai a gaskiyarsa ba.

Akwai kuma masu cewa tambayoyin nan makamin 'yan adawa ne, kuma sau da yawa haka ne. An tayar da batun takardar sakandaren Buhari a 2015 da 2019, an tayar da na takardar Jami'ar Jihar Chicago ta Tinubu a 2023, kotuna suka tabbatar da zaɓensu duka biyu. Amma a 1999 irin wannan tonon ne wata mujalla ta yi wa Kakakin Majalisar Wakilai Salisu Buhari a kan shekarunsa da takardar Jami'ar Toronto, ya amsa, ya sauka. Niyyar mai tambaya ba ta gaya mana amsar. Hujja ce ke raba tambaya da ƙazafi. Saƙon WhatsApp da ba a san tushensa ba, ƙazafi ne ko a kan wa aka yi shi, kuma mai tura shi yana da kamasho a zunubin.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta wa hukumar zaɓe ta liƙa bayanan da kowane ɗan takara ya yi rantsuwa a kansu cikin kwana bakwai da karɓarsu: shekarunsa, makarantun da ya yi, takardunsa. Tsarin mulki kuma ya hana wanda ya gabatar da takardar jabu tsayawa. Amma bai nemi ɗan takara ya kawo rahoton likita ba; tawagar likitocin da sashe na 144 ya ambata ba ta da aiki sai bayan mutum ya hau kujera. Tambayar 2007 tana nan inda aka bar ta, babu dokar da za ta yi ta a madadin mai ƙuri'a.