Tsohuwar Sintesaiza Da Aljihun Ɗan Albashi: Kowace Da Ciwonta

Akwai ma'aikacin da idan ya tashi daga Sakatariyar Tarayya da yamma, ya sha cunkoson Nyanya ko ya miƙa hanyar Kubwa, ba gaban talabijin yake nufa ba. Wani ɗan ƙaramin ɗaki ne ke jiransa a gida, inda ya ajiye kwamfuta da lasifika biyu da makirufo, ya manna soso a bango. Da rana yana rubuta wa maigidansa jawabi ko yana bin sawun fayil daga ofis zuwa ofis, da dare kuma yana haɗa kiɗa, wani don tallar rediyo, wani don jin daɗin kansa kawai. Irin wannan mutum, ko ba daɗe ko ba jima, sai kunnensa ya gaji da sautin da ke fitowa daga manhajar kwamfuta, ya soma leƙen tsofaffin na'urorin sintesaiza na analog a kasuwannin intanet. Daga nan ne albashi ke shiga haɗari.

Sunan kansa na neman bayani, domin a ƙasar Hausa duk abin da ke da madannai farare da baƙaƙe fiyano ake ce masa. Fiyanon da aka gina kiɗan finafinan Kano a kansa tun shekarun 1990, wato jerin Yamaha PSR, na dijital ne: an naɗi sautin sarewa da ganga da garaya irin ta Turai an adana a cikinsa, mai kiɗa ya danna ya ji. Sintesaiza ta analog ba ta da wani sauti a ajiye. Wutar lantarki ce ke karkaɗawa a cikin wani sashe da za a iya kira maɓuɓɓugar sauti, sai sautin ya bi ta mataci wanda ke rage masa kaifi ko ya ƙara masa, sannan wani sashe ya tsara yadda zai tashi da yadda zai mutu. Shi ya sa muryarta ke da kauri da ɗan rawa irin ta abu mai rai, kuma shi ya sa zafin ɗaki kaɗai ya isa ya karkatar da ita daga kan saiti.

Zamaninta bai yi tsawo ba. Minimoog ta fito a Amurka a 1970, Prophet-5 ta biyo baya a 1978, sai kamfanonin Japan, Roland da Korg, suka cika kasuwa da masu sauƙin kuɗi. A Enugu, William Onyeabor ya kafa situdiyonsa ya zuba na'urorin Moog, ya fitar da faya-fayai tsakanin 1977 da 1985 waɗanda duniya ba ta farga da su sosai ba sai da wani kamfanin Amurka, Luaka Bop, ya tattara su a 2013. Amma a 1983 Yamaha ta fito da DX7 ta dijital, kowa ya koma can, aka riƙa sayar da analog a wulaƙance. Matasa masu kiɗan rawa a Chicago da Detroit da Ingila ne suka tsince su a shagunan gwanjo, suka gina sabon kiɗa da su, farashi ya sake tashi, kuma bai sauko ba har yau.

Saboda haka akwai sunayen da ɗan albashi zai fara sharewa daga takardarsa tun kafin ya zauna lissafi. Minimoog ta asali da Prophet-5 da Jupiter-8 kuɗin mota ne, wata ma kuɗin fili. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. A wannan canji, na'urar dala 1,000 ta kai Naira miliyan ɗaya da rabi, wato fiye da albashin wata 21 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Ko mataimakin darakta sai ya yi shawara da uwargida kafin ya taɓa irin wannan kuɗi, musamman in lokacin biyan haya ko kuɗin makaranta ya matso.

Tambayar farko ba ta suna ba ce, ta murya ce. Akwai na'urar da ke fitar da sauti ɗaya kacal a lokaci guda, komai yawan madannan da aka danna, akwai kuma mai fitar da shida ko takwas tare. Yawancin masu saye kan ɗauka mai murya da yawa ta fi, alhali abin ya danganta da kiɗan da mutum ke yi. Kiɗan gargajiyar Hausa bai dogara da tara sautuka a dunƙule ba. Goge da kukuma da algaita duk layi ɗaya suke bi, kuma daɗinsu na cikin yadda suke zamewa daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da yankewa ba, kamar yadda kalangu ke lanƙwasa murya idan makaɗi ya matse tsarkiya. Na'ura mai murya ɗaya tana da wannan zamiya a jikinta. Wanda burinsa ya yi kiɗa mai ƙamshin gida zai iya samun biyan buƙata a nan fiye da yadda yake zato.

A wannan sahu biyu ne suka fi shahara. Korg MS-20 ta 1978 tana da mataci biyu masu kaushi da ihu, kuma tana da ƙofar da za a shigar da sautin waje, ta yadda mutum zai iya jona makirufo ya tura muryar kukuma ko ta ganga ta cikin matatanta ta fito da wata kama. Roland SH-101 ta 1982 ta fi sauƙin koyo, madannanta 32, tana aiki da batir shida, kuma wajen kiɗan ƙasa mai duka a ƙirji ba ta da abokin gaba da yawa. Matsalar ita ce duniya ta riga ta san darajarsu, farashin ya bi suna. Ga shi kuma babu ɗayansu da ke da MIDI, wato harshen da na'urorin kiɗa da kwamfuta ke magana da juna da shi tun 1983, don haka sai an ƙara sayen wani ɗan akwati mai yin tafinta a tsakani.

Wanda ke son shimfiɗa mai faɗi a bayan waƙa, irin wadda ke cika fili a tallar rediyo ko kiɗan fim, dole ya nemi mai murya da yawa, kuma a nan ne maganar ciwo ke shigowa. Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na'urar da ta shekara 40 ba a tambayar ko tana da ciwo, sai dai wane iri ne, kuma ko an san maganinsa.

Roland Juno-106 ta 1984 ita ce wadda kowa ke mafarki. Muryoyinta shida, tana da MIDI, tana adana sautuka 128, kowane abu da ke cikinta yana da maɓallin ja a fili, kuma tana da wani maɓalli mai ninka sauti ya yi laushi kamar an buɗe taga. Ciwonta sananne ne. Kowace murya tana dogara da wata ƙwayar lantarki mai lamba 80017A da aka lulluɓe da baƙin ƙaro, kuma da tsufa wannan lulluɓi kan sa ƙwayar ta soma ƙara, ko ta riƙe sauti ta ƙi saki, ko ta mutu ɗungurungum. Masu gyara a waje kan jiƙa ƙwayar a sinadarin asiton su ɓare ƙaron, ko su cire ta su sa sabuwar kwaikwayo. Shida ne a ciki, kuma idan ɗaya ta tafi sauran na bisa hanya. Don haka Juno-106 da aka riga aka sauya wa ƙwayoyi, ko da ta fi tsada, ta fi wadda mai ita ke alfahari ba a taɓa buɗe ta ba.

Korg Polysix ta 1981 ciwonta ya fi muni. An ɗora wani batir mai caji a kan allon da ke riƙe da ƙwaƙwalwarta, shekaru na tafiya batirin na yoyo, ruwan na cin siraran hanyoyin tagulla. Sautinta na da daɗi ƙwarai, amma wanda bai ga hoton cikinta ba ya tura kuɗi, ya yi cinikin biri a sama.

Masu dabara kan sauka ƙasa kaɗan, zuwa na'urorin da kasuwa ta raina saboda fuskarsu. Bayan DX7 ta yi tashe, kamfanoni sun riƙa kwaikwayon siffarta, suna cire maɓallan ja da na murɗawa suna barin ɗan allo da maɓalli ɗaya, alhali cikin na'urar analog ne. Roland Alpha Juno ta 1985 tana cikinsu: murya shida, MIDI cikakke, kuma ba ta ɗauke da waccan ƙwaya mai baƙin ƙaro. Abin da ke damunta ƙanana ne, hasken allo ya dushe ko maɓalli ya ƙi amsawa. Saita sauti a jikinta akwai gajiya, gaskiya ne, amma manhajar kwamfuta na iya yin aikin ta wayar MIDI, kuma mai situdiyon gida dama kwamfutarsa na gabansa. JX-3P ta 1983 ita ma murya shida gare ta, da maɓuɓɓuga biyu ga kowace murya. Oberheim Matrix-1000 ta 1988 ba ta da madannai ma sam, siririn akwati ne mai sautuka 1,000, wanda ke nufin mai tsohon PSR a gida zai iya jona su ya kaɗa ta daga can, kuma kuɗin ɗaukowarta bai kai na doguwar na'ura ba. Korg Poly-800 ta 1983 ita ce mafi arha, sai dai muryoyinta takwas mataci ɗaya suke rabawa, kuma kunne na jin wannan rowa.

Idan za a auna da ma'aunin Abuja, Alpha Juno ce ta fi dacewa da ɗan albashi mai son murya da yawa, kuma dalilin bai tsaya ga farashi ba. Ita da sauran dangin Juno da JX-3P da Matrix-1000 agogon dijital ne ke riƙe da saitin maɓuɓɓugarsu, don haka da an kunna suna kan daidai. Irin su MS-20 da Polysix kuwa sai sun ɗumama na wasu mintuna kafin murya ta zauna. A gidan da ake ɗauke wuta sau uku a dare, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin duk ɗaukewa sai an koma jira.

Wutar ma ita ce babbar maƙiyiya. Ba yawan cinta ba ne abin tsoro, Juno ba ta kai tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ci ba. Abin tsoro shi ne irin wutar. Na'urar da aka ƙera don kasuwar Japan bolt 100 take ɗauka, ta Amurka wajen 120, alhali soket ɗin Najeriya 230 yake bayarwa. Wanda ya ɗoki sabon kaya ya cusa filogi ba tare da karanta farantin da ke bayan na'urar ba, zai ji ƙauri kafin ya ji kiɗa. Sai an sa ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta a tsakani, ko kuma tun farko a nemi wadda aka yi don Ingila ko Turai. Bayan wannan akwai sitabilaiza, akwai kuma ƙa'idar cire filogi kafin a tayar da janareta ko lokacin da ake sa ran dawowar wuta. Inbata mai arha kan sa gurnani a lasifika wanda ba ya fita daga naɗi. Sai hunturu, wanda ƙurarsa ke shiga ramukan maɓallan ja ta sa su ƙarar yashi. Mayafi mai kauri a kan na'ura ya fi kowane feshi amfani.

Sai maganar mai gyara, wadda ya kamata ta riga saye. Masu gyaran rediyo da amfilifaya da suka iya dalma suna da yawa, kuma da yawansu za su iya sauya kwandansa ko batir ba tare da matsala ba. Littattafan gyaran yawancin waɗannan na'urori, da zanen hanyoyin wutarsu, suna nan a intanet, don haka mai saye zai iya bugawa ya kai wa mai gyara a hannu. Abin da ba ya samuwa a kasuwar gida shi ne ƙwayoyin da aka ƙera musamman don na'ura ɗaya, waɗanda sai an yi odarsu da dala a jira makonni. Mai hankali kan ware wani kaso na kuɗinsa don wannan tun ranar farko, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Wani lokaci akan yi dace a kasuwar Alaba ta Legas ko a shafukan sayar da kayan hannu, inda tsohuwar na'ura kan fito cikin kayan gwanjo ko daga ɗakin ajiyar wata majami'a, amma dace ba tsari ba ne.

Akwai kuma hanyar da masu son tsohon abu ba su cika son a ambata ba. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, amma kamfanoni sun dawo ƙera analog. A 2013 Korg ta fitar da MS-20 mini, wadda injiniyoyin da suka ƙera ta asali suka sa hannu a aikinta, girmanta kashi 86 cikin 100 na tsohuwar, tana da MIDI da USB. Behringer ta fitar da kwaikwayon Minimoog a kan wajen dala 300. Korg Minilogue ta fito a 2016 da murya huɗu a kan wajen dala 500. Duk analog ne na gaske, ba su da batir mai yoyo. Wanda ke son murya ɗaya mai zamiyar goge, a aljihun ɗan albashi, sabuwar ta fi masa alheri, ya bar neman tsohuwa ga ɓangaren murya shida inda har yanzu ake samun rahusa.

Na'ura ɗaya ma ta isa a fara. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa na 1978 da ogan guda ɗaya ƙirar Italiya mai suna Orla, kuma gidajen rediyo da talabijin na Nijar sun shekara da shekaru suna sa kiɗan a tsakanin shirye-shirye, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013.

Wanda ya riga ya ƙudura sayen tsohuwa daga nesa, akwai abin da zai nema kafin ya tura ko sisi. Hoton farantin baya mai nuna ƙarfin wuta, hoton ciki mai nuna batir da allon da ke ƙarƙashinsa, da bidiyo wanda aka ɗauka bayan na'urar ta yi kamar awa ɗaya a kunne, domin ƙwayar da ke gab da mutuwa kan yi lafiya lau tana sanyi, sai ta ɗau zafi take tona kanta. A cikin bidiyon, mai sayarwa ya danna madannai shida ɗaya bayan ɗaya yana riƙe da su, a ji kowace murya ta shigo da ƙarfi ɗaya, sannan ya sake su gaba ɗaya a ji ko akwai wadda ta ƙi yin shiru.