Matsugunin Ɗan Kunkuru Mai Gaɓa a Baya a Yammacin Zamfara

Kunkurun tudu da aka fi sani a Arewacin Nijeriya iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin kurakuran masu kiwo. Na farko shi ne babban kunkurun Sahel, wanda masana suke kira Centrochelys sulcata, mai cin ciyawa, mai haƙa rami mai zurfi, wanda nauyinsa kan haura kilo 50. Na biyu ƙarami ne da tsawonsa bai cika wuce santimita 22 ba, yana cikin dangin da masanin dabbobi Thomas Bell ya raɗa wa suna Kinixys a 1827, kuma nau'insa da yake zaune a dazuzzukan ciyawa na Afirka ta Yamma, daga Senegal zuwa Kamaru, shi ne Kinixys nogueyi. Abin da ya keɓe shi shi ne wata gaɓa da take ratsa ƙoƙon bayansa ta wajen ƙugu, wadda take ba shi damar sauke ƙarshen ƙoƙon kamar ƙyaure ya rufe ƙafafun baya da wutsiya idan ya ji tsoro. Ɗan da bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba, wanda tsawonsa bai fi santimita 4 zuwa 5 ba, ba shi da wannan gaɓa tukuna, sai ya girma take bayyana, saboda haka a farkon rayuwarsa ɓuya ce kaɗai kariyarsa.

A daji wannan kunkuru ɗan damina ne, yana fitowa kiwo da sassafe da yamma ko bayan an ɗauke ruwa, idan kuma rani ya shigo sai ya shige ƙarƙashin ganye ko kogon itace ko tsohon suri ya lafe har ruwa ya dawo. A Anka da Gummi da Bukkuyum damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, zafin bazara a watannin Maris da Afrilu yana kai digiri 40, iskar hunturu kuwa tana tsotse laimar duk abin da ta taɓa. Babban kunkuru yana da jikin jure wannan, amma ɗan kunkuru mai gaɓa yakan bushe cikin 'yan kwanaki, idanunsa su faɗa, ya daina ci. Aikin mai kiwo ke nan shi ne ya riƙe damina a wani ɗan lungu na gida duk shekara, inda zafi zai tsaya tsakanin digiri 24 da 29, ƙasa kuma ta kasance da danshi ba tare da ta zama taɓo ba.

Kwatarniya mai faɗi ko akwatin katako mai tsawon kimanin santimita 90 da faɗin 60 ya wadatar a shekarar farko, muddin an huda ƙasansa don ruwa ya tsiyaye, an kuma rufe samansa da ragar waya saboda hankaka da ɓera da gafiya da kyanwa. Kwatarniya ta fi, domin yumɓu yana riƙe sanyi kamar yadda randa take yi, akwatin kwano kuwa tanda ne da rana. Ana ajiye mazubin a inuwar mangwaro ko darbejiya ta yadda hantsi zai taɓa gefe ɗaya kawai na awa ɗaya ko biyu, sannan a ɗora shi a kan tudu, abin da ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya ga ambaliyar Gummi ta daminar 2024.

Ƙasar da za a zuba ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ana son ƙasar gindin bishiya mai laushi, haɗe da ruɓaɓɓen ganye, zurfinta ya kai santimita 10 don ɗan kunkurun ya iya binne kansa, a lulluɓe ta da busasshen ganye mai kauri. Zallar yashi ba ta riƙe danshi kuma tana toshe hanji idan ya haɗiye ta da abinci, ƙasar gonar da aka yi wa feshi ko aka zuba wa takin zamani ita ma ba ta dace ba. Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da wannan yanki. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, inda daka da niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya gurɓata ƙasa, yara fiye da 400 suka rasu. Kunkuru yana yini da hancinsa a ƙasa, yana cin tana da katantanwar da suke rayuwa a cikinta, yara ne kuma suka fi wasa da shi, don haka ƙasar da aka ɗebo kusa da wurin niƙa ko wankin zinariya haɗari ce ga dabbar da mai riƙe da ita baki ɗaya.

A gefen inuwa ana kifa rabin fasasshen tulu ya zama maɓoya, a kuma binne kasko marar zurfi har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, ruwan cikinsa kada ya wuce haɓar kunkurun, gama ba ya iyo kamar kififiya. Ana sauya ruwan kullum, a yayyafa wa ganyen ruwa safe da yamma, a kuma riƙa tsoma kunkurun cikin ruwa mai ɗan ɗumi na minti 10 zuwa 15, musamman da bazara. A dararen Disamba da Janairu, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, sai a shigar da mazubin ɗaki, nesa da kaskon garwashi, domin sanyi da ƙura da hayaƙi su ne suke jawo masa ciwon numfashi, wanda alamarsa ita ce kumfa a hanci da buɗe baki.

Abincinsa gauraye ne, saɓanin na babban kunkuru. Yana cin tana da gara da katantanwa da ƙadandoniya, yana cin naman kaza, da ganyen lalo da rama da zogale, da ɗan gwanda ko mangwaro ko kanya da ta nuna. Tuwo da dusa da ragowar miya, waɗanda aka saba jefa masa a tsakar gida, ba abincinsa ba ne. Ƙoƙonsa ƙashi ne mai rai da yake bukatar kalsiyam, wato sinadarin da yake gina ƙashi, wanda ake samu ta barbaɗa wa abincinsa dakakken ɓawon ƙwai da aka tafasa, sau biyu a mako, jiki kuma ba ya amfana da shi sai da bitamin D da hasken rana yake samarwa a fata, hasken da gilashin taga yake tarewa. Kasancewar ƙoƙon yana da jini da jijiya ne ya sa al'adar huda gefensa a ɗaura igiya ta zama rauni na gaske da yake iya ruɓewa.

Kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai haddasa gudawa da zazzaɓi ko da yana cikin ƙoshin lafiya, dalilin da ya sa Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai inci 4 ba tun 1975, don haka wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi wajibi ne, kuma ba a barin ƙananan yara su kai shi baki. Ta fuskar doka, dukkan kunkurun tudu suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda take taƙaita cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya tana cikinta. Wanda aka tsinta a gona da lafiyarsa ya fi dacewa a mayar da shi gindin wani kurmi kusa da inda aka gan shi, matsugunin gida kuwa na wanda garma ta ji wa ciwo ne, ko wanda aka riga aka rabo da dajinsa ba a san daga ina ba.