Bizar Koyon Aiki a Madadin Bizar Ƙwararrun Ma'aikata: Nazari a kan Tsarin Ƙasar Ostireliya

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba wata al'ada da ta bazu a tsakanin masu ɗaukar ma'aikata a ƙasashen da suka ci gaba, watau shigo da baƙo da sunan mai koyon aiki maimakon a shigo da shi da sunan ƙwararre. Mun zaɓi ƙasar Ostireliya ne domin a can dokar ta raba hanyoyin biyu a fili, ta ba kowace lambarta, har ana iya ajiye su kusa da juna a auna. Batun kuwa ya shafe mu malamai, tun da yake ɗalibanmu na sassan koyon sana'a su ne irin waɗanda dillalan tafiya waje suke yi wa tallar wannan hanya.

2.0 Inda arahar ta fito

Bizar ƙwararru ita ce mai lamba 482. Ta maye gurbin mai lamba 457 a watan Maris na 2018, sa'an nan aka sake mata fasali da suna a watan Disamba na 2024. Kamfanin da ke son ɗauko mutum ta wannan hanya, a bisa ƙa'ida, sai ya fara tallata gurbin aikin a cikin gida na tsawon mako 4, don ya nuna bai sami ɗan ƙasa ba. Bayan haka sai ya biya harajin asusun horas da 'yan ƙasa, dalar Ostireliya 1,200 a kan kowace shekara ta bizar idan cinikinsa na shekara bai kai miliyan 10 ba, ko 1,800 idan ya kai. Ke nan biza ta shekara 4 za ta ci wa ƙaramin kamfani dala 4,800, babba kuwa 7,200, tun ma'aikacin bai sauka daga jirgi ba. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne mafi ƙarancin albashin da doka ta ɗora. Ya daɗe a kan dala 53,900 a shekara, aka ɗaga shi zuwa 70,000 a watan Yuli na 2023, ya koma 73,150 a 2024, ya kai 76,515 a 2025.

Ita kuwa bizar koyon aiki, mai lamba 407, wadda aka soma bayarwa a watan Nuwamba na 2016, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun. Babu tallar gurbi, babu harajin asusu, babu wancan ma'aunin albashi, illa dai a bi dokokin ƙwadago na ƙasar wajen biyan lada. Duk mai gidan abinci ko garejin da ya yi wannan lissafi ba sai an gaya masa wadda ta fi sauƙi ba.

3.0 Abin da doka ta nufa da ita

To, amma ba don cike guraben aiki aka ƙirƙiro 407 ba. Dalilai uku ta amince da su: horon da mutum yake bukata kafin a yi masa rajistar sana'a, ko ƙara gogewa a sana'ar da ya riga ya fara, ko kuwa horon da zai koma da shi ƙasarsa ya yi amfani da shi. Mai neman ƙarin gogewa sai ya nuna ya yi wata 12 a cikin sana'ar, ko a karatunta, daga cikin wata 24 da suka gabata. Dole ne kuma a rubuta masa tsarin horo na kansa, wanda aka gina a kan abin da bai iya ba. Wa'adinta bai wuce shekara 2 ba.

A nan ne, a ganinmu, matsalar take, kuma matsala ce da duk wanda ya taɓa duba ɗalibai a lokacin gwajin koyarwa ya santa. Rubuta tsarin horo abu ne mai sauƙi, tabbatar da cewa an bi shi kuwa sai an je an gani. Idan mai dafa abinci ya shekara biyu yana yin aikin da ya riga ya iya tun a gida, ba a koya masa kome ba, an dai sami ƙwararre ne a farashin almajiri.

Shi ma'aikacin kuma me ya rasa? Mai bizar 482 yana iya neman zaman dindindin ta hannun mai gidansa bayan shekara 2, kuma tun watan Yuli na 2024 yana da kwana 180 na neman wani kamfani idan ya rabu da na farko. Mai 407 ba shi da hanyar zama kai tsaye, kuma an ɗaure shi ga horon da aka amince masa. Wanda zamansa ya rataya a wuyan mutum guda, da wuya ya kai ƙararsa. Gaskiya ne wasu suna taka ta su hau 482 daga baya, domin ƙwarewar shekara 1 kawai ake nema yanzu, amma wannan sabuwar nema ce da sabon kuɗi, kuma ba alkawari ba ne.

4.0 Darasi daga gabashin Asiya

Ba Ostireliya ce ta fara bin wannan turba ba. Japan ta kafa shirin masu koyon fasaha a 1993, da cewa za su koma gida da ilmi, sai ya zama hanyar samun ma'aikata masu araha a gonaki da masana'antu da wuraren gini, waɗanda ba su da damar sauya mai gida. A 2023 kaɗai fiye da mutum 9,000 suka ɓace daga wuraren aikinsu. A watan Yuni na 2024 majalisar ƙasar ta zartar da dokar soke shirin, a maye shi da wani da zai soma aiki a 2027, wanda ya yarda da sauya wurin aiki bisa sharuɗɗa. Koriya ta Kudu ta riga ta: ta fito da tsarin izinin ɗaukar ma'aikata a 2004, ta rufe nata shirin masu koyon aiki a 2007, ta koma kiran ma'aikaci da sunansa na ma'aikaci.